Mai kiwon kifin teku a akwatin gilashi

Mutumin Rumbu ya san darajar ruwa tun yana goye. A ƙasar Dakoro sai an haɗa igiya da wasaki da raƙumi ko shanu kafin a ga abin da ke ƙasan rijiya, tabkunan kwarin Tarka kuwa da rani ya kankama sai laka. Shi ya sa da na tarar da wani ɗan ƙasarmu a Jidda, wanda abincinsa yake cikin kula da kifin ado a gidajen masu hali, na kasa wucewa.

Cikin kifayensa, wanda ya tsare mini ido wani ne mai kore da shuɗi, kai duk zane kamar an yi masa lalle. Masana suna kiran danginsa Labridae, suna ne da ya samo asali daga leɓe saboda kaurin leɓɓansa, kuma sun haura iri 600. Wasunsu a Bahar Maliya suke, nan bakin Jidda, ana kuma kallonsu a gidan kifi na Fakieh da aka buɗe a 2013.

Kyan ɗan maciji gare shi. Nama yake ci: jatan lande, ƙananan kaguwa, dodon koɗi, yana kuma da haƙora a maƙogwaro na murƙushe ɓawo. In aka haɗa shi da ƙananan halittu, kafin mako ya zagayo ya share su. Mai gidana, haka na riƙa kiran mutumin don ya girme ni, yana yanka wa kifin abinci ƙanana sau biyu ko uku a yini, ba ya barin ragowa ta kwana. Murfi kuwa dole ne, don kifin tsalle gare shi. Wasu irin nasa cikin yashi suke kwana, sai an shimfiɗa musu mai laushi. Abin da ya fi ba ni mamaki, mace a cikinsu takan rikiɗe ta zama namiji, launinta ma ya sauya.

Amma da na ce wa mai gidana makiyayin kifi, sai ya girgiza kai. “Ƙanena, ruwa nake kiwo. In ruwa ya yi lafiya, kifi ba ya neman kowa.”

Nan ne gwanintar take. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma gishirin miya ba ya yi, balle kantun Bilma ko manda. Akwai haɗi na musamman mai sauran sinadaran teku. Sabon akwati ba a sa masa kifi sai ya yi mako huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin da ke cinye dafin kashin kifi su zauna a jikin duwatsu. Mai gaggawa a nan gawa yake kwasa. In ruwa ya ragu saboda zafi, da ruwan daɗi ake cikawa, don ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Wannan kam ban buƙaci bayani ba: da haka mutanen Bilma da Fashi suke samun gishirin da ayari ke kawowa kudu.

Zafin ruwan tsakanin digiri 24 da 27 ake so. Na tuna bazarar Dakoro da ke wuce 40, na san sana'ar nan ba za ta zauna a Rumbu ba sai da na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa ko da na dare ɗaya.

Abu guda yake ƙona masa rai, ni ma ya ƙona mini: a wasu sassan Filifin da Indunusiya akan fesa guba cikin murjani don kifi ya suma a kama shi. Irin wannan yakan iso da kyansa, ya ƙi ci, ya mutu. Don haka ba ya sayen kifi sai an jefa abinci a gabansa ya ga ya cafke.

Da magariba ta gabato ya rage fitilar akwatin. Ɗaya daga cikin kifayen ya zagaya sau biyu, ya soka kai cikin yashi, ya ɓace. Mai gidana ya taɓa murfin ya ji ya zauna daidai, sannan muka tafi alwala.