Ciwon ƙoda da toshewar hanyoyin jini: a tari abu tun da wuri

A Falanko da sauran garuruwan Damargu, mun saba gane mai ciwon ƙoda da kumburin ƙafafu da fuska. Amma akwai abin da ba mu cika sani ba. Da yawa daga masu daɗaɗɗen ciwon ƙoda, ciwon zuciya ne ke zama ajalinsu tun ƙodar ba ta daina aiki ba.

Yaya haka ke faruwa?

Ƙoda ita ce matacin jini. Tana fitar da dauɗa ta hanyar fitsari. Idan ta raunana, dauɗa kan taru cikin jini, ta riƙa gurzar bangon jijiyoyi. Sai bangon ya kumbura daga ciki, inda ido ba ya gani. A nan ne wani kitse na cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, yake samun wurin maƙalewa. Duk mai garka ya san yadda laka ke cike hanyar ruwa kaɗan-kaɗan. Haka jijiya ke toshewa. Idan ta zuciya ce, zuciya ta buga. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye. Ko siririn mutum bai tsira ba.

Akwai magani?

Akwai. Sunansa sitatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano shi cikin funfuna a 1973. A jikin kwali za mu ga an rubuta simvastatine ko atorvastatine. Yana rage kitsen jini, yana kuma sassauta kumburin jijiyoyi.

A 2011 an bayyana sakamakon wani gwaji kan masu ciwon ƙoda fiye da 9,000. An bi su wajen shekara 5. Cikin kowane 100 da ba a ba maganin ba, wajen 13 jijiyarsu ta toshe. Cikin 100 da aka ba shi haɗe da wani maganin kitse, wajen 11 ne. Amma a Jamus, a wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2005, an gwada shi kan mutum 1,255 masu ciwon sukari da suka riga suka fara wankin ƙoda. Bai yi musu amfanin a-zo-a-gani ba. Shi ya sa tun 2013 likitocin ƙoda na duniya ke ba da shawarar a ba da shi ga mai ciwon ƙoda da ya kai shekara 50, muddin bai fara wanki ba.

Me za mu yi?

1. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya je asibitin Tanut ko na Balbeji, ya nemi awon jini da fitsari. Kada mu jira sai an kai mu wankin ƙoda a Damagaram.
2. Likita kaɗai ke rubuta sitatin. Mai ciki ba ta shan shi.
3. Wanda ke shan shi, idan ya ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsarinsa ya yi duhu, ya koma wurin likita.
4. Mu guji ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla bayan aikin gona. Suna lahanta ƙoda.
5. Mu rage gishiri da ɗanɗanon miya da kitse. Mu bar taba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.