Ciwon Dajin Ƙashi Kusa da Gwiwar Ƙafar Gaban Kare

Wannan maƙala ta yi tsokaci ne a kan ciwon dajin ƙashi, wato ostiyosakoma, wanda ya fi kama manyan karnuka. Galibi yakan tsiro ne kusa da kafaɗa ko wuyan ƙafar gaba. Ba kasafai yake fitowa daf da gwiwa ba. Saboda haka akan ɗauki kumburin gwiwa a matsayin targaɗe, har cutar ta kai huhu. Yanke ƙafar yakan kawar da raɗaɗi, amma kusan rabin karnukan ba sa wuce wata 5. Idan aka haɗa da allurar kaboflatin kuwa, sukan kai wata 10 zuwa 12. Ke nan, ɗingishin da ya ƙi warkewa yana bukatar hoton ƙashi tun da wuri.