Tartsatsin Sauti a Kayan Kiɗan DJ: Musabbabi da Hanyar Ganowa

A yawancin bukukuwan aure da ake yi a biranen ƙasar Hausa a yau, mai saka kiɗa, wanda aka fi sani da DJ, ya karɓi wani ɓangare na aikin makaɗan gargajiya. Jarinsa bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajar haɗa kiɗa irin su VirtualDJ ko Serato, da miksa da amfilifaya da lasifika ba. Babu abin da ke zubar masa da mutunci kamar sauti ya riƙa tartsatsi a daidai lokacin da amarya ta fito fili, domin biki ba a maimaita shi, kuma wanda aka kunyata ba ya sake gayyata.

Matakin farko shi ne sauraro. Hausa tana da wadatar kalmomin amsa-kama, kuma a nan suna da amfani, saboda kowace ƙara da inda take fitowa. Akwai ƙas-ƙas da ke zuwa jefi-jefi, akwai zuuu da ba ta yankewa, akwai kuma dushewar da ke sa kiɗa ya fito kamar daga fasasshiyar ganga.

Ƙas-ƙas ita ta fi wuyar sha'ani, don kuwa daga cikin kwamfutar take tasowa. Kwamfuta ba ta aika sauti a dunƙule. Takan yayyanka shi zuwa ƙananan gutsattsari, galibi 44,100 a kowace daƙiƙa, ta tara su a wata ma'ajiyar wucin gadi da masu sana'ar ke kira bafa, sa'an nan ta miƙa su ga na'urar fitar da sauti. Idan ma'ajiyar ta ƙare kafin a sake cika ta, sai a sami ɗan giɓi, wanda kunne ke ji a matsayin ƙas. Ma'ajiya mai gutsattsari 128 takan ƙare cikin kimanin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, alhali mai 512 takan kai kusan kashi 12. Ke nan ƙara girmanta yana ba kwamfuta sararin numfashi, sai dai yakan jawo ɗan jinkiri tsakanin taɓa maɓalli da fitar sauti. Mai saka waƙa bayan waƙa a gidan biki ba zai ma lura da wannan jinkirin ba, don haka nacewa a kan 128 wahalar da kai ce kawai.

Idan an ƙara ma'ajiya amma ƙarar ba ta daina ba, to wani aiki ne ke cinye ƙarfin kwamfutar. A kashe Wi-Fi da Bluetooth, a rufe sauran manhajoji, a kuma cire ta daga tsarin tsimin batir, wanda ke rage mata sauri. A kan Windows, direban sauti na ASIO ya fi dacewa da wannan aiki. Zafi ma yana da hannu. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, aka kuma ɗora ta a kan katifa ko darduma, takan sassauta gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa wata takan fara lafiya lau, sai biki ya yi nisa ta soma ƙas-ƙas.

Ita kuwa zuuu, laifin wutar lantarki ce, musamman inda aka jona komai a janareta. Gwajinta mai sauƙi ne: a zare caja, a bar kwamfutar a kan batir. In ƙarar ta ɗauke, ta hanyar cajar take shiga. Maganinta shi ne a jona kwamfuta da miksa da amfilifaya a soket ɗaya, ko a sa ƙaramar na'urar raba layin sauti a tsakaninsu. Wasu kan karye dogon ƙarfen fulogi, wato na ƙasa, don su rabu da ƙarar. Wannan ganganci ne, domin ƙarfen nan shi ke kare mutum daga jan wuta.

Dushewa ta fi saurin ganewa. Matuƙar fitilun miksa sun tsaya a kan ja, sautin ya wuce abin da na'urar za ta iya ɗauka. A rage shi daga kwamfuta da miksa, a ƙara daga amfilifaya. Idan kuma waƙa ɗaya ce tak ke dushewa, to ita ce aka kwafo a lalace.

Inda kunne ya kasa bambancewa, sai a bi layin sautin daki-daki. A soka abin sauraro na kunne kai tsaye a kwamfuta. In an ji garau, matsalar tana gaba. Daga nan a riƙa sauya waya ɗaya bayan ɗaya, ana girgiza bakin kowace, domin wayar da ta tsinke daga ciki ba ta nunawa a ido.