Daga Dwarf Fortress zuwa gonakin albasa: haƙa rami ba wasa ba ne

Duk wanda ya taɓa buga Minecraft ya san doka ta farko: kar ka haƙa ƙarƙashin ƙafarka. To, akwai gem ɗin kwamfuta da ya fi shi rashin imani, Dwarf Fortress, wanda wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Tarn da Zach Adams, suka fitar a 2006, ya hau Steam a Disambar 2022. Wadanni bakwai za a ba ka, ka gina musu gari a cikin ƙasa.

Wajen haƙa rami tsaye sabon shiga ke shan kashi. In ka ce a fasa ƙasa kawai, ba ka bar hanyar hawa ba, mahaƙinka zai maƙale har ƙishirwa ta kashe shi. Shi ya sa gwanaye ke sassaƙa matakala hawa-hawa. Sai kuma babbar masifar: ka faɗa wa ƙasa mai tsattsafar da ruwa. In ba ka toshe bangon da wuri ba, garin ya zama tafki.

Abin dariya, ruwan da ɗan gem ke gudu shi manomin albasa ke nema ido rufe. Daga Aliero zuwa Jega da Maiyama, noman rani ba ya yiwuwa sai da ruwa, kuma ba kowa ke da kuɗin burtsatse ba. Har gobe akwai matasan da ke shiga rijiya da igiya da guga, haƙa ko yasa. Su ma matakalarsu ke nan: 'yan gurabun sa ƙafa a jikin bango. In an kai rairayi mai jiƙe bango kan zabtare, don haka ake zura zoben siminti.

Amma akwai abin da gem ɗin bai koya maka ba, wato iska. Rijiya mai zurfi kan rasa iskar shaƙa a ƙasanta. Mafi muni, a zura injin fetur ciki don janye ruwa. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi, marar wari. Mutum zai ji jiri, ƙafa ta mutu, shi ke nan. Na sama ya ga shiru ya dira ceto, shi ma ya faɗi. Haka ake rasa biyu ko uku a rami ɗaya.

Dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu tana nuna ƙarancin iska, amma ba ta gano wannan gubar. Inji dai ya tsaya a waje, nesa da bakin rijiya, tiyo kawai ya sauka. Mai shiga ya ɗaura igiya a jikinsa, ƙarti biyu na riƙe a sama, ba suna latsa waya ba.