Tsohuwar Talla Ma Shaidar Tarihi Ce

A ƙauyen Raveningham da ke yankin Norfolk, gabashin Ingila, akwai wata cibiya da ba ta da aiki sai adana tallace-tallace. Sunanta History of Advertising Trust, an kafa ta a 1976 domin ceto kayan da kamfanoni kan zubar da zarar kasuwarsu ta ci ta watse. A rumbunta akwai fastoci, da shafukan jaridu, da finafinan tallar talabijin, da takardun kamfanonin talla irin su J. Walter Thompson reshen Landan. Daga nan ake zaɓo kaya a baje su ga jama'a, wasu a ɗakunan nuni, wasu a intanet. Jami'ar Duke ta Amurka ma tana da irin wannan taska, wato cibiyar Hartman da aka buɗe a 1992, wadda ta sanya tallace-tallace sama da 7,000 na tsakanin 1911 da 1955 a intanet.

Mai karatu zai iya tambaya, me za a tsinta a tsohuwar tallar sabulu? Abin da ake tsinta yana da yawa, domin mai talla ba don 'yan baya ya yi aikinsa ba. Ciniki yake nema a ranar, saboda haka yakan faɗi abin da ya tabbata mutanen zamaninsa sun yarda da shi, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tallar farko da aka nuna a talabijin ɗin Birtaniya, ranar 22 ga Satumba 1955, ta man goge baki ce mai suna Gibbs SR, an dasa shi cikin ƙanƙara. Wanda ya bi sahun tallace-tallacen da suka biyo baya zai ga yadda aka daɗe ana nuna mace a bakin murhu kaɗai, da yadda aka yi ta yabon taba sigari a talabijin har zuwa 1965 da aka hana. Ita cibiyar ta Norfolk har tana nuna wa tsofaffi masu ciwon mantuwa irin waɗannan finafinai, don waƙar tallar da mutum ya ji yana yaro takan tayar masa da abin da ya kwanta a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma abin da ke sosa rai. A shekarun 1880 kamfanin Pears ya yi tallar da ke nuna an wanke yaro baƙar fata da sabulu, jikinsa ya koma fari. Tsakanin 1926 da 1933 hukumar Empire Marketing Board ta buga fastoci masu kyawun zane don jawo Turawan Ingila su sayi amfanin ƙasashen da suke mulka, inda ɗan Afirka kan fito da kaya a ka, Bature kuwa yana tsaye yana duba aiki. A ganina kuskure ne babba a ɓoye irin waɗannan don gudun ɓacin rai. A baje su, a rubuta bayani a ƙarƙashinsu: wane ne ya biya kuɗin, wa ake son ya saya, wa aka wulaƙanta. Nunin da ya tsaya kan tuna daɗin zamanin da ya wuce kaɗai ya tauye mai kallo.

Mu ma abin ya shafe mu. A 1928 aka kafa West African Publicity, kamfanin tallar da ya yi wa kamfanin kasuwanci na UAC aiki, daga baya ya zama Lintas, kuma takardun UAC suna Port Sunlight ta Ingila, a taskar Unilever. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta ɗauki tallace-tallace da Hausa shekara da shekaru. Waƙoƙin tallar takin zamani da batir da magani da gidajen rediyon Kaduna da Kano suka watsa fa, ina faya-fayansu? Kaset ba ya jure zafi da ƙura, gara kuma ba ta raga wa takarda.

Ina kira ga Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu, su haɗa kai da gidajen rediyo a tattara abin da ya rage, a kwafe shi a kwamfuta, a shirya nuni ko da na ɗaki ɗaya ne. Wanda kuma yake da tsohuwar jarida ko kalanda ko kaset a adakar mahaifinsa, don Allah kada ya bari a ƙona su da shara.