Me Ya Sa Rilen Famfon Mai Yake Yawan Ƙonewa A Tsohuwar Mota?

Idan ka sauya rilen famfon mai sau biyu ko uku kuma yana sake lalacewa, to ka daina sayen sabo tukuna. Galibi ba rilen ba ne mai laifi, wani abu ne daban yake kashe shi.

Rile ɗan makunni ne da ke tsakanin batir da famfon da ke cikin tanki. Wanda aka fi sani yana da ƙafa huɗu: 85 da 86 su ne ke karɓar umarni idan ka murɗa makulli, 30 ke kawo wuta daga batir, 87 kuma ke kai ta famfo. Shi ya sa a mafi yawan motoci za ka ji famfo ya yi ƙara na kamar daƙiƙa 2 kafin ka tayar da inji.

Babban abin da ke kashe rile shi ne zafi, kuma ta hanya uku yake zuwa.

Ta farko, famfon da ya gaji. Lafiyayyen famfo yakan ja wutar da ba ta cika wuce amfiya 10 ba. Idan ya tsufa, ko filtar mai ta toshe da datti, sai ya riƙa jan fiye da haka, bakin rilen ya yi ta ƙuna. Man galan na bakin titi da yawan tafiya da tanki kusan fanko suna gaggauta wannan, domin man ne ke sanyaya famfon. Ka sa mai gyaran wayar mota ya auna wutar da famfon ke ja da mita.

Ta biyu, soket ɗin da rilen ke zama. Ciro rilen ka duba ƙafafunsa. Idan sun yi baƙi, ko robar ta narke, ko ya fito ba tare da ka ja da ƙarfi ba, to ramukan sun saki. Duk sabon da ka sa a wannan soket haka zai ƙone. A sauya soket ɗin, a kuma kankare tsatsar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota.

Ta uku, tsufan rilen kansa. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna da wannan: dalmar da ke cikin babban rilensu takan tsage, sai mota ta ƙi tashi idan ta sha rana, ta tashi bayan ta huce. Sake narka dalmar yakan magance matsalar.

Ka kuma auna cajin batir inji na aiki. Ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.5. Idan ya haura 15, altaneta ce ke dafa maka kayan wuta.

Abu biyu ne kada ka yarda a yi maka: sa fiyus da ya fi na asali girma, da haɗa 30 da 87 da waya a bar shi haka. Na farko yana iya sa waya ta kama wuta. Na biyu kuwa famfo ba zai tsaya ba ko an kashe mota, kuma idan aka yi haɗari zai ci gaba da tura fetur.

Sai an gyara tushen matsalar sannan a sa sabon rile, mai lamba ɗaya da na asali.