Fili da Gida a Madarunfa da Maraɗi: Abin da Ake Faɗi da Abin da Yake Gaskiya

In kana son jin zancen fili da gida, hau motar da ke tashi daga Madarunfa zuwa Maraɗi. Kafin a shiga gari za ka ji an ce jirgin ƙasa zai cinye gonakin mutane ba a ba su ko dala ba, an ce ƴan gudun hijira ne suka tsadar da haya, wani dattijo kuma ya rufe hirar da cewa a ƙasar Hausa ba mai rasa wurin kwana sai wanda ya so. Wasu maganganun suna da ƙanshin gaskiya, wasu ƙarya ce tsagwaronta, kuma akwai ƙaryar da ke raba talaka da gonar ubansa.

Maganar dattijon ita ta fi damuna, domin da zuciya ɗaya yake faɗinta. Gaskiya ne muna da zaure, muna da masallaci, muna da dangin da ba sa korar nasu. Amma a tuna daminar 2024. Ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasu, jihar Maraɗi na sahun gaba wajen asarar rayuka, kuma waɗanda ɗakin ƙasa ya rufta wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Gwamnati ta ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne iyalai suna kwana a cikin azuzuwa. Magidancin da ke kwana a aji da matarsa da ƴaƴansa ba shi da gida. Haka wanda ya kafa rumfar zana a kangon wani alhaji da sunan gadi, wanda ranar da aka kawo siminti za a ce ya kwashe komatsansa. Rashin matsuguni a wurinmu ɓoye yake a bayan katangar wani, shi ya sa ido ba ya kama shi.

Sai tsohon zancen nan cewa Nasara ne ya tashi tsohon birnin Maraɗi don ya raba fari da baƙi. Nan an cuɗa tarihi biyu ne. Katsinawan da suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadi sun zauna a kwari, a bakin Gulbi, inda kurmi ke kare su daga mahara. A 1945 Gulbi ya yi toroƙo ya cinye garin, hukumar Faransa ta mayar da shi kan tudu, aka yanka tituna a miƙe, unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa suka hau da sunayensu. Ruwa ne ya tashi Maraɗi.

Wariyar launin fata a wurin zama kuwa an yi ta, kuma a rubuce take. A Arewacin Nijeriya tsarin Gwamna Lugga ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa, da hujjar kare Bature daga zazzaɓin cizon sauro. A Kano an kafa Sabon Gari wajen 1913 don baƙi daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka raba su da mutanen cikin ganuwa, Turawa kuma suka zauna can Nasarawa. A Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926, kwarin Gunti Yena ne ya raba unguwar Filato ta Turawa da garin baƙar fata. Zuwa lokacin da aka sami ƴancin kai a 1960 dokar launi ta riga ta faɗi, amma filayen masu kyau suka koma hannun manyan ma'aikata da attajirai. Yau ba wanda zai tambaye ka kabilarka kafin ya sayar maka da fili a kan tudu. Aljihunka zai duba. Wanda ba shi da hali shi ke gangarawa gefen rafi da hanyar ruwa, ya yi ginin laka, ya jira Agusta da fargaba.

Zancen ƴan gudun hijira ba ya buƙatar dogon bayani. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, akasarinsu mata da yara. Mafi yawansu ƙauyukan bakin iyaka suka sauka, a gidajen talakawa irinsu, daga baya aka kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori a gundumar Gidan Rumji. Matar da ta gudo da goyo da ƙullin tsumma ba ita ke takara da kai wajen kama gidan siminti a unguwar Ali Ɗan Tsoho ba. Haya tana hawa ne saboda gari yana cika da haihuwa da ƴan ci-rani, kayan gini sun yi tsada, masu kuɗi kuma suna sayen filaye su killace su ajiye kamar hatsi a rumbu.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace haɗari: wai gonar da ba ta da takardar gwamnati ba ta kowa ba ce, duk ranar da hukuma ta so sai ta ɗauka. Wannan ba haka yake ba. Dokar karkara ta Nijar, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ta amince cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar rubutacciyar doka, kuma ta ba su kariya iri ɗaya. Gadon kaka da kakanni mallaka ce. A ƙarƙashin wannan tsari aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda aka fi sani da Kofo, tun daga gunduma har zuwa ƙauye, inda maigari ke shugabanta, kuma a nan mutum zai iya samun takardar shaidar cewa gonar tasa ce ta gado. In kuma aikin amfanin jama'a ne ya biyo ta kan gonarka, doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci kafin a karɓa.

Aikin jirgin gaskiya ne. A farkon 2021 Nijeriya ta ba kamfanin Mota-Engil kwangilar layin dogo mai tsawon kilomita kusan 284 daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kuma ba yadda za a yi ya isa Maraɗi daga Jibiya bai ratsa gundumar Madarunfa ba. Tsoron mutane ma yana da tushe, don an sha kukan jinkirin diyya da ƙarancinta a ayyuka daban-daban. Amma jinkiri daban, rashin haƙƙi daban, kuma mai takardar Kofo a hannu ya fi ƙarfin tsayawa ya nemi nasa.

A dubi wanda ke cin ribar jita-jitar ƙwace gona. Dillali ne ke zuwa da la'asar ya zauna a ƙofar gida, ya ce baba, sayar tun kafin a ƙwace. Dattijo ya karɓi ƴan jikkuna, a raba wa magada, kuɗin su ƙare a biki da magani. Bayan shekaru kaɗan a yanka gonar fuloti-fuloti, kowane ɗaya ya fi kuɗin da aka sayi gonar gaba ɗaya. Ɗan dattijon, da ba shi da gona ba shi da sana'a, shi ne zai zo neman a bar shi ya kafa rumfa a ɗaya daga cikin fulotan ya yi gadi, har zuwa ranar da mai shi zai fara gini.